Tambaya da Amsa: Na'urar ware dusar katako kafin ta kai ga matatar injin zuƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, ina da injin zuƙar ƙura, amma da na fara fere katako sai matatarsa ta toshe, zuƙar ta yi rauni. An ce in sa na'urar da ke ware dusa. Yaya take aiki, kuma zan iya haɗa ta da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka daidai ce. Ana sa na'urar ne tsakanin injin aikinka da injin zuƙa, a kan durom ko bokiti mai murfi. Iska tana shiga ta gefe, sai ta riƙa kewaya bangon ciki kamar guguwa. Dusa da gutsattsarin katako suna da nauyi, don haka sukan manne wa bango su gangara cikin durom, iskar kuma ta fita ta bututun tsakiya a sama. Ta haka ƙusa ko guntun katako ba sa kaiwa ga fankar injin su lanƙwasa ta.

Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai siffar mazurari, wadda ake saya a ɗaure kan murfi, kuma ta fi kama ƙura mai laushi. Akwai kuma faifan da Phil Thien ya ƙirƙiro, wanda za ka iya yankawa daga filawud. Yanka faifai daidai da faɗin cikin durom, ka rage bakinsa da kusan santimita 3 a kashi biyu cikin uku na kewayen, ta nan dusa za ta faɗa. Sauran kashi ɗayan a bar shi cikakke, kuma ya zauna ƙarƙashin mashigar iska, daga inda iskar ke fitowa. Rataya faifan a ƙarƙashin murfi da dogayen ƙusoshi masu noti guda uku. Aikinsa shi ne hana iskar da ke juyawa ta sake kwaso abin da ya riga ya faɗa.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne yoyon iska. Ƙaramar kafa a bakin murfi ta isa ta janyo iska daga ƙasa, ta ɗaga dusa ta kai ta matatar injin, sai mutum ya ɗauka na'urar ce ba ta da kyau. Zagaye bakin da roba mai laushi, ka matse murfin sosai. A juye durom idan ya kai kashi biyu cikin uku, domin idan dusa ta taɓo faifan, warewa ta ƙare. Bokitin roba marar kauri kuwa yakan lotse idan bakin tiyo ya toshe. Saka shi cikin wani bokitin, ko ka nemi na ƙarfe.

Ka sani na'urar tana rage ƙarfin zuƙa. Maganinsa shi ne gajeren tiyo da rage lanƙwasa a bututun. Injin fere yana buƙatar bututu mai inci 4 a ƙalla, da iska mai gudun kusan mita 20 a daƙiƙa don kada dusa ta kwanta a hanya. Ƙaramin inji mai tiyon inci biyu da rabi ya fi dacewa da kayan aikin hannu.

Tambaya: Idan na sa ta, zan iya daina ɗaura takunkumi?

Amsa: A'a, Malam, kada ka daina. Ƙurar samfefa mafi laushi tana wuce na'urar, kuma ita ce ke shiga huhu. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na hanci. Jakar yadin injin zuƙa mai tace maikiron 30 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) tana mayar da wannan ƙura cikin shago, saboda haka canza ta da matata mai tace maikiron 1. Kuma kada ka zuƙi tartsatsin wasa ƙarfe zuwa cikin durom ɗin dusa, yana iya cin wuta a hankali bayan an rufe shago.