Amsa kan fanshin ɗin Lipschitz da tiyoram ɗin Rademacher

Ɗan'uwa na Gusau, tambayarka ita ce ko tiyoram ɗin Rademacher na 1919, wanda ya ce fanshin ɗin Lipschitz (wato fanshin da ba ya miƙa nisa fiye da wani tsayayyen ninki) daga Rⁿ zuwa Rᵐ yana da deribatif kusan ko'ina, yana aiki idan fanshin ɗin ya tashi daga Rⁿ ya sauka a filin da ba komai cikinsa sai awon nisa. Gaskiya a'a, ai can ko debewar da deribatif ke buƙata babu. Nima wallahi nan na daɗe ina shan wahala. Abin da masanin lissafi Kirchheim ya nuna a 1994 shi ne nisan d(f(x+tv),f(x)) a raba da |t| yana da limit idan t ya doshi sifili, a kusan kowane x, kuma siminom ne ke fitowa (wato kamar awon tsawon v, sai dai yana iya ba da sifili ko da v ba sifili ba ne), ba fanshin liniya irin na deribatif ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka L¹, filin fanshin ɗin da integiral ɗin girmansu ke da iyaka, lafiya lau ne tunda can akwai debewa, to gwada tura t zuwa indiketan [0,t] (fanshin da ke ba da 1 a cikin [0,t], 0 a waje), nisa bai canza ba amma babu inda deribatif ya samu. Hujjar abin da Kirchheim ya nuna kam sai ka zauna da malaminka na analisis, tana da tsawo.