Filin Tambaya da Amsa: Matsafina mai tayar da matattu ya zame wa abokaina kaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, a Ɗorayi nake. Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons, wasan tatsuniya da kowa ke ƙirƙirar jaruminsa ana jefa ɗan lido, duk Asabar daga La'asar zuwa Magariba, da dokokin 2014. Na ƙirƙiri matsafi mai tayar da matattu, yanzu ya kai mataki na 6, yana jan ƙwarangwal 9. Duk da haka ni ake fara kayarwa a kowane faɗa, abokaina suna ƙorafin ina cinye musu lokaci, ɗaya ma ya ce shi zancen gawa ba ya son ji. In yar da shi in ƙirƙiri wani, ko akwai gyara?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yar da shi. Koke uku ka kawo, amma biyu daga ciki uwarsu ɗaya, wato taran nan da kake ja. Mu fara da lissafi.

Tsafin tayar da gawa, wanda littafin ya sa wa suna Animate Dead, na daraja ta 3 ne, kuma ikon da yake ba ka a kan abin da ka tayar na awa 24 ne kacal. Kafin lokacin ya cika dole ka sake karanta shi, in ba haka ba su daina jin maganarka, ka wayi gari da ƙwarangwal marasa ubangida a tsakiyar zangonku. Karatu ɗaya na sabuntawa yana riƙe huɗu. To kai a mataki na 6 guraben tsafi uku kake da su na daraja ta 3, kuma kowane karatu gurbi ɗaya yake ci. Huɗu, huɗu, ɗaya: ka ga duk ukun sun tafi tun da safe wajen kiwo, ba a ma haɗu da abokin gaba ba. Na taran nan shi kaɗai yana cin gurbi guda sukutum. Ko da ka ɗan huta ka farfaɗo da gurbi ɗaya kamar yadda doka ta ba matsafi dama sau ɗaya a rana, har yanzu kai makiyayi ne kawai, tsafin ya ƙare a garke.

Ka tsaya a huɗu. Gurbi ɗaya ya riƙe su, biyu su rage a hannunka na Ƙwallon Wuta ko abin da rana ta kawo. Kuma huɗun nan ba ƙananan kaya ba ne a hannun wanda ya bi makarantar matattu, wato reshen tsafin da ya ƙware a kan matattu. Ƙwarangwal na da makin rai 13, amma daga mataki na 6 ana ƙara masa adadin matakinka, ya zama 19. Kibiyarsa tana cin ɗan lido mai fuska shida da ƙarin 2, sai a ɗora makin ƙwarewarka, wanda yanzu 3 ne. Kibiya huɗu kenan a kowane zagaye, kowacce in ta samu tana cire wajen 8, ba ka kashe gurbi ba, ba ka kuma buƙatar tattara hankali a kansu, domin wannan tsafin ba ya cikin waɗanda ke warwarewa in hankalin matsafi ya rabu da su. Wannan ita ce ribar gaske: suna harbi, kai kana wani aikin.

Ƙwarangwal za ka zaɓa, ba gawa mai nama ba. Ita tana da rai 22 kuma tana da taurin mutuwa, amma kariyarta, wato adadin da mai hari zai kai kafin ya same ta, 8 ce, tafiyarta ƙafa 20, ba ta harbi, sai ta kai jiki. Ƙwarangwal kariyarsa 13, gajeren bakansa na kaiwa ƙafa 80 ba tare da wahala ba. Ka tambayi jagoran wasanku, mai ba da labari da yanke hukunci, ko sai ka saya musu baka, don wasu jagororin ba sa yarda tarin ƙashi ya tashi da makami a hannu. Abu biyu ke karya su: kulki da guduma, domin irin wannan duka ninki biyu yake yi musu, sai kuma tsafin da ke cin fili. Ƙwallon Wuta ɗaya, ɗan lido takwas, in sun cure wuri guda ya share su. Ka warwatsa su kamar masu tsaron gona, amma kada su wuce ƙafa 60 daga gare ka, nan ne iyakar inda umarninka ke kaiwa.

Batun kayar da kai kuwa, matsafi yana cikin mafi ƙarancin jini a wasan, ɗan lido mai fuska shida ake jefa masa na rai a kowane mataki. A cikin makin halayen jaruminka basira ce gaba, ita ke ɗauke da tsafinka, amma mai bi mata ƙarfin jiki ne, sai zafin nama. Sulken Matsafi da safe, Garkuwa a ajiye don ranar da takobi ya zo, Takun Hazo don ficewa in an rutsa ka (haka muke kiransu a tabarmarmu, za ka gane su a littafin). Duk ukun ba na makarantar matattu ba ne, kuma babu laifi. Na sha ganin yara suna cika littafin tsafinsu da duk abin da ke ɗauke da sunan mutuwa don ya dace da rigar. Wanda ke tsotse rai ta hanyar taɓawa, misali, sai ka matsa jikin abokin gaba, inda bai kamata a gan ka ba sam. A cikin tsafin makarantarku wanda nake so shi ne na makantarwa, daraja ta 2, ba ya neman tattara hankali, kuma duk wanda ya makance kibiyoyin yaranka sun fi samunsa. Baiwar nan ta mataki na 2 da ke mayar maka da rai in ka kashe da tsafi, kada ka dogara da ita, wanda ƙwarangwal ya kashe ba ya shiga lissafi.

Yanzu lokaci. Tsakanin La'asar da Magariba ba wani dogon zama ba ne, ga jiran wanda adaidaita ta makarar, ga kiran salla da ba ya jiran kowa. In kai kaɗai kana jifa tara na hari da tara na rauni, sauran huɗun sun zama 'yan kallo, wayoyi su fito daga aljihu. Abin da muke yi a zauren da muke haɗuwa a Gwammaja: ƙwallon dabino huɗu a kan takardar taswira, kowanne da ɗigon biro na launi daban. A jefa 'yan lido huɗu masu fuska 20 lokaci guda. Ba a jefa na rauni, duk wadda ta samu a rubuta 8. Umarni ɗaya ga duka, "ku harbi wancan har ya faɗi", doka ma ta ce suna ci gaba da aikin da aka sa su har su gama. Minti ɗaya ya isa. In kana son ƙorafin ya mutu gaba ɗaya, ka raba musu, kowane aboki ya riƙe ƙwarangwal ɗaya ya riƙa jefa masa. Za ka ga wanda ke hamma jiya yana addu'ar nasa ya samu.

Sai na ukun, wanda ya fi sauran nauyi a wurina. Abokinka da ya ce ba ya son zancen gawa bai yi laifi ba. Mu mutane ne da ke tsayawa in an wuce da makara, muke barin sana'a mu bi jana'izar wanda ba mu sani ba. Wataƙila ma bai daɗe da rashi ba. Ka same shi shi kaɗai ka ji abin da ke damunsa, in ya ce ba zai iya ba, to abota ta fi takarda, ka canza. Mu dokarmu ita ce ba a kawo aya, ba a kawo addu'a, ba a kiran sunan mamaci na gaske, ba a sa kuɗi. Tatsuniya ce irin ta Gizo da Dodo, kowa ya san matattu ba sa tashi sai ranar da Allah Ya tashe su.

Amma sau da yawa abin da ke tayar wa mutum hankali shi ne wulaƙanta gawa, ba ambatonta ba. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan nan a Amurka a 1974, matsafin matattun da ya zo da al'adarsu kuma mugu ne mai haƙa kaburbura yana tara bayi. Ba dole ka gaje shi haka ba. Mafi kyawun da na taɓa jagoranta wani yaro ne ya ƙirƙire shi, ya ɗauko shi daga tarihin fatakenmu da ke tashi daga Kano da tufafi da kanwa su yi watanni a hanyar Gwanja su dawo da goro. Jaruminsa ɗan madugu ne. 'Yan fashi suka auka wa ayarin ubansa a daji, ba wanda ya binne kowa. Ya koyi tsafin ne don abu ɗaya: ya tayar da su, su tako da ƙafarsu zuwa gida a sa su a ƙasa kusa da danginsu. Huɗu ne, kowa da sunansa da aikinsa a ayari, ya naɗa musu rawani da amawali don kada su firgita mutanen ƙauye. In ɗaya ya karye a faɗa, sai yaron ya ce a dakata, ya tsince ƙasusuwan ya ɗaure a zane.

Uban kuwa bai tayar da shi ba, kuma dalilin a cikin doka yake. Akwai tsafin yi wa mamaci tambaya biyar, wanda ba ya aiki a kan wanda aka riga aka tayar, ba a kuma maimaita shi a kan gawa ɗaya sai bayan kwana 10. A littafin 2014 ba ya cikin jerin matsafi, sai a ƙarin dokokin 2020 aka ba shi dama, ni kuma na yarje masa. Sai ya zama yana ɗauke da ƙoƙon kan ubansa a jakar fata, duk kwana goma ya buɗe. Huɗu yakan tambayi hanya da rijiya da wanda ya ci amanar ayarin. Ta biyar kullum tasa ce. Ranar da ya ce, "Baba, ka yafe min da ban bi ku ba?" babu wanda ya taɓa ɗan lido, gyaɗar da ke faranti ma aka bar ta, har ladan ya kira.

In kun koma dokokin 2024, ka sani littafin 'yan wasa na wannan shekarar bai zo da makarantar matattu ba, sai ku daidaita da jagora a kan ɗauko ta tsohon.

Asabar mai zuwa, kafin a fara faɗan farko, ka ce matsafinka zai sallami biyar daga cikin taran. Ka ba kowanne suna, ka faɗi garinsu, ka roƙi jarumin abokin nan naka ya zaɓi gindin bishiyar da za a haƙa, ya kuma taya ka ɗaukar fatanya.