Waya zan saya masa, ko in nemo malamin lesin?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 12 ya tsani darasin tarihi, wai haddar shekaru ce kawai. Na ɗauki adashe, kuɗin na hannuna. In saya masa babbar waya ya riƙa bincike, ko in ɗauko malamin lesin? Daga wata uwa a Kusseri.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki ɗan dakata da duka biyun tukuna. Yaron da ke kwana yana tashi a Kusseri, a kan tarihi yake tafiya, ba a dai nuna masa ba ne. A garinku aka kashe Rabeh, mayaƙin da ya ci daular Borno, a yaƙinsa da Faransawa ranar 22 ga Afrilu 1900, a wannan yaƙin kuma kwamandan Faransawa, Lamy, ya mutu. Sunansa aka sa wa garin da ke tsallaken kogi, Fort-Lamy, sai a 1973 aka mayar da shi Njamena. Ki ba shi wannan labari da dare, ki ga ko zai ce hadda ce.

Sannan ki ware kuɗin mota, ku ɗauki takardunku, ku haye gadar Ngeli zuwa gidan tarihi na ƙasar Chadi. A can zai ji labarin Toumaï, ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da aka tsinta a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi a 2001, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7. Zai ga kayan mutanen Sao, tsohuwar al'ummar da ta zauna a yankin tafkin Chadi. In da hali ku ƙarasa Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko da ke kusa da Njamena, inda tsohuwar fadar sarki ta zama gidan tarihi, mata kuma har yau suna ginin tukwane. Abin da ya fi burge ni ke nan: yaro ya ga tsohuwar tukunya, ya fito waje ya tarar da mai gina irinta.

Ki saya masa littafin rubutu da biro, ya zana abu uku, ya yi wa mai gadin kayan tambaya. Waya ta jira sai ya fara tambayar da kika kasa amsawa.

Tambaya: An yi mini tallan ɗan mutum-mutumin yumɓu, wai na Sao ne na asali. In saya? Daga wani ɗan kasuwa a Marwa.

Amsa: Alhaji, kada ka saya. In jabu ne, ka yi asara. In na gaske ne, tono shi aka yi a ɓoye daga tsohon kufai, an raba shi da wurin da zai nuna wa masana shekarunsa. In ado kake so, sayi sabo a hannun magina.