Ruwa biyu ake tambaya kafin a kai ango Zanzibar

Ajiye wayar nan tukuna, ɗana, kada ka danna wurin biya. Jawo kujera.

Na ji tambayarka. Ka ce wani ango ya turo maka hoto, farin rairayi ga rana tana faɗawa cikin teku, ya ce nan yake so ya kai amaryarsa: Zanzibar, kwana biyar, tsakiyar Afrilu da zarar an watse daga biki. Ka bincika ka samo otal a Jambiani a farashin da kai kanka ya ba ka mamaki, shi ne kake tambaya ko ka kama ɗakin yau kafin wani ya riga ka, gobe a yanki tikiti. A'a, kada ka kama. Otal ɗin ma wataƙila ba shi da laifin komai. Tambaya ɗaya ce ba ka yi ba: me ya sa ya yi araha haka?

Ka ga, aikin da ka taras muna yi a ofishin nan yawancinsa Umara ne da 'yan kasuwar Dubai. Mai zuwa Umara ba ka tambayarsa wata nawa ya fi kyan gani, Ka'aba tana nan inda take rani da damina. Shi kuwa mai zuwa bakin teku, abin da ya biya kuɗinsa domin ya gani tafiya yake yi yana dawowa. Shi ya sa nake cewa ruwa biyu ake tambaya, na sama da na ƙasa.

Na sama shi ne ya karya maka farashin. Damina biyu gare su a can. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris take zuwa Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ƙaramar, vuli, wajejen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ita wannan takan zubo ne ta ɗauke rana ta fito. Amma masika ruwa ne na gaske, ana iya wuni sama a haɗe, tekun ya yi duhu, masu ƙananan jirage su ƙi fita. Wasu otal-otal ɗin rufewa ma suke yi a wannan lokacin su yi gyare-gyarensu. Waɗanda suka bar ƙofa a buɗe su ne suke zubar da farashi, irin wanda ka gani ka yi murna. Araha ba ta ado. Lokacin da ake so shi ne daga Yuni zuwa Oktoba, ba ruwa, ga iska mai daɗi, sai kuma Janairu da Fabrairu in mutum bai damu da zafi ba. Yuli da Agusta Turawa ne suke cika wurin don lokacin hutunsu ne, ƙarshen Disamba kuwa kada ma ka tambaya. Ni in aka bar mini zaɓi, Yuni nake ba mutum ko ƙarshen Satumba.

Na ƙasa kuwa, shi ne wanda ya taɓa kunyata ni, don haka ka saurara da kyau.

Shekarun baya na tura wani bawan Allah da iyalinsa wani otal a gabashin tsibirin. Na duba hotuna, na duba farashi, na karɓi la'adata na yi barci. Washegarin saukarsu da hantsi sai ga kiransa. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Alhaji, ina tekun?" Na ce wane irin ina tekun, ba ga shi nan a ƙofar ɗakinku ba? Ya juya mini wayar. Wallahi fili ne fetal, jiƙaƙƙen yashi da duwatsu da 'yan kududdufai har iyakar gani, ga mata can nesa sun duƙa suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya tsakanin turaku, don nomanta suke yi su busar su sayar. Ruwan yana can wani siririn layi kamar an ja shi da alli. Yaransa sun sa kayan wanka suna tsaye cirko-cirko. Ban san abin da zan ce masa ba, don ni ma a ranar na fara sanin cewa teku yana ja da baya haka.

Ga yadda abin yake. Sau biyu teku yake cika a yini da dare, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. Kullum kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50, don haka in yau da ƙarfe 10 ya cika, bayan kwana uku sai bayan 12. A gabashin Unguja, wato babban tsibirin da ake kira Zanzibar, su Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, ƙasan ruwan shimfiɗe yake ba zurfi har can wurin duwatsun murjani, shi ya sa in ya janye yakan yi nisan da sai ka yi tafiya mai tsawo kafin ya kai maka gwiwa. Kuma ba a shiga nan ƙafa ba takalmi, akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da take maƙalewa a duwatsu, in ka taka ta hutun ya ƙare.

Wata ne yake jan ruwan, kuma nan mu muke da sa'a, don kalandar da muke duba azumi da ita ita ce kalandar teku. Ranar tsayuwar wata da daren sha huɗu, da kwana biyun da ke biye da su, a nan cika take yin cika, janyewa take yin janyewa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin yakan lafa. Saboda haka in mutum ya ba ka ranakunsa, ka mayar da su lissafin watan Musulunci, sannan ka buɗe jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet, kyauta ne, ka ga ƙarfe nawa ruwa zai kasance a bakin gaɓa. In cikar ta faɗo da asuba da kuma bayan magariba, to mutumin nan ya wuni yana kallon yashi.

Ba wai gabas ba ta da kyau ba ne. Akwai mai son shiru, mai son ya taka a hankali ya kalli masunta da matan ciyawa, wannan Jambiani ta fi masa ko'ina. Amma wanda yake so duk sanda ya fito ya ga ruwa a gabansa, arewa ake kai shi, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar take da gangare, ruwan ba ya yin nisa. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Sake buɗe hoton angon nan ka gani. Rana ce take faɗuwa cikin ruwa, ko ba haka ya rubuta ba? To Jambiani gabas take kallo. Can rana fitowa take yi daga teku, faɗuwarta bayan gari ne cikin itatuwan kwakwa. Da ka biya ɗakin nan, ko ba ruwan sama, ko tekun ya cika, ba zai taɓa ganin abin da ya turo maka ba. Sai dai ita ma Kendwa da nata: lokacin cikar wata akan yi casu a bakin ruwa har tsakar dare. In ranakunsa sun faɗa nan, ka nema masa ɗaki nesa da wurin kiɗan.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda ka sa a ƙarshe alhali ita ce farko: biza. Zanzibar cikin Tanzaniya take tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, duk da tana da shugabanta da majalisarta, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Fasfon Najeriya, da na Nijar da na Chadi, suna cikin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi. Nema ake yi tun daga gida ta intanet, a tura takardun a tantance, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai amincewa ta fito. Irin waɗannan dokokin sukan canza, don haka kowace tafiya sai ka sake buɗe shafin hukumar shige da ficensu ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da na faɗa maka ko abin da wani ya ce ya yi bara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaki kuwa, in takardar neman bizar ta buƙaci shaidar masauki, ka kama irin wanda ake iya fasawa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan ɗara tsada.

Ka tambaye shi fasfon amarya ma. Sau nawa muka gani ango ya shirya komai, ashe yarinya ko fasfo ba ta taɓa yi ba, ko kuma saura wata huɗu ya mutu alhali wata shida ake so. Katin allurar shawara, yalon katin nan, dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta, dala 44 kan babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar. Ka sa duk wannan cikin lissafin da za ka ba shi tun farko, har da harajin kwana da otal yake karɓa kan kowane baƙo. Mutum ya fi yafe maka babban farashi da ka faɗa masa a ofis a kan ƙaramin da ya taras a ƙofa.

Kwana biyar ɗin nan ma ba biyar ba ne. Daga Kano jirgin Ethiopian zai bi, a yada zango a Addis Ababa, sannan a wuce. Yini guda ya tafi a zuwa, yini guda a dawowa, saura uku. Ka ce masa ya mayar bakwai in aljihu zai ɗauka. Kwana biyu na farko su yi a Stone Town, tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Mutanenmu suna jin daɗinsa fiye da yadda suke zato: lunguna kamar na cikin birni, ƙofofin katako masu sassaƙa, kiran salla ta ko'ina, da dare a je lambun Forodhani a ci gasasshen kifi da ruwan rake. Rabin yini ya isa a kai su gonar kayan ƙamshi, amarya ta ga kanumfarin da take zubawa a shayi a jikin bishiyarsa. Sauran kwanakin sai bakin ruwa.

Kada ka sayar masa da tsarin nan na ci da sha duka a ciki. Wani kaso na kuɗin na giya ne, mutumin da ruwan kwakwa zai sha me ya haɗa shi da biyan na wasu? Karin kumallo da abincin dare ya wadatar. Mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, abincin gari ba abin damuwa, amma manyan otal na Turawa a tambaya, wasu suna ajiye naman alade a teburin safe.

Sannan abin da samari irinku ba sa tunawa: ita amaryar an tambaye ta? Bakin ruwa a can na kowa ne, ba katanga, ga Turawa kwance da 'yan kamfai, ga samari masu tallan yawon jirgi da mutanen garin suke kira papasi, wato kaska, don in sun maƙale maka ba sa saki. Akwai yarinyar da za ta sa doguwar rigar wankanta ta shiga ruwa ba ruwanta da kowa. Akwai wadda za ta yi kwana biyar a ɗaki tana leƙe ta taga. In irin ta biyun ce, gara ka rage kwana ɗaya ka sa kuɗin a ɗaki mai ɗan wurin ninƙaya nasa na kansa a killace. Ka kuma tambaya ko sun iya ruwa. Yawancinmu ba mu iya ba, kuma namiji ba ya son faɗa a gaban matarsa. Kai dai ka rubuta wa mai jirgin da zai kai su tsibirin Mnemba ko na kunkuru cewa rigar kariya biyu, a sa musu tun kafin a tashi.

Maganar dala kuma, angon ya ce wa ɗan canjinsa a Wapa sababbin bugu yake so, tsofaffin takardu ba a cika karɓarsu a can ba, in ya sauka ya canza zuwa shilin don sayayyar gari. Kada su zuba kaya a baƙar leda, an hana ta a ƙasar. Direban da zai mayar da su filin jirgi kuwa, a rubuta masa lokaci da lamba a kuma nanata. Masu Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai ɗinmu. Ga shi kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

To in ya dage sai Afrilu, don hutun da aka ba shi a wurin aiki ke nan? Sai ka gaya masa gaskiya a rubuce: damina ce, zai sami ɗaki mai kyau da araha, zai iya samun rana, zai iya rasa ta. In ya amince, bismilla, ka ƙara masa kwana a cikin gari ka rage na bakin ruwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kai zai kira da hantsi, ba mai otal ba.

Tashi ka kira shi yanzu. Ka fara da fasfon amarya da ranar da aka sa bikin, ka ce ya turo hoton shafin farko na duka biyun. Sannan ka ɗauko mini kalandar can ta bango mu ga sha biyar ga Afrilu nawa ga wata za ta kama.