Tambaya da Amsa: Ciwo ɗaya, me ya kawo likitoci da yawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara shida yana da tabo-tabo masu duhu a baya da ciki tun yana jariri, kuma ƙwaurinsa na hagu ya ɗan lanƙwashe. Mahaifinsa ma yana da ƙullutu masu taushi a jiki tun yana saurayi. A asibiti an ce su biyun suna da niyurofaiburomatosis, aka ba mu takardun ganin likitan yara, da na ido, da na ƙashi. Surukata ta ce da sun gane ciwon da ba za su yi ta yawo da hankalinmu ba, gara a kai yaron wurin mai ɗori, uban kuma wanzami ya cire masa ƙullutun. Ina mafita? Daga wata uwa a Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba su lafiya, Ya ƙara miki haƙuri. Tura ku da aka yi wurin likitoci daban-daban shi ne ainihin yadda ake kula da wannan lalura a ko'ina a duniya, domin tana taɓa fata da jijiyoyi da ido da ƙashi, wani lokaci har da jijiyoyin jini.

Abin da kika kwatanta ya yi daidai da nau'i na ɗaya, wato NF1, wanda likitan Jamus Friedrich von Recklinghausen ya yi bayaninsa a 1882. Yana samun kusan mutum 1 cikin 3,000, kuma tushensa sauyi ne a wata ƙwayar halitta ta gado. Kusan rabin masu shi sun gada ne daga uwa ko uba, kuma duk cikin da za ki ɗauka, yiwuwar jaririn ya gada kashi 50 ne cikin 100. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko haɗa shimfiɗa, kuma ba shi da alaƙa da kuturta ko sammu.

Ƙafar yaron ce ta fi damuna. Lanƙwashewar ƙwauri a wannan lalura alama ce ta ƙashi mai rauni, wanda idan ya karye yakan ƙi haɗewa, har wurin ya riƙa motsi kamar gaɓa. Ja da murzawa da ɗaurin karare irin na mai ɗori suna iya jawo karayar da ake gudu. Ki kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a ɗauki hoto, a duba ko yana buƙatar takalmin tallafi da zai kare ƙafar, sannan a duba ƙashin bayansa, tunda shi ma yakan karkace yayin girma.

Ganin likitan ido kuwa wajibi ne ko da yaron bai yi ƙorafi ba. Kimanin yara 15 cikin 100 masu NF1 sukan sami ƙari a jijiyar gani, galibi kafin shekara bakwai, kuma yaro ƙarami ba ya cewa ganinsa ya ragu, sai dai a ga yana matsawa kusa da allo ko yana tuntuɓe. Don haka ake son a auna idonsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Likitan yara zai riƙa auna tsayinsa da hawan jininsa, ya kuma tambayi yadda karatu yake tafiya, domin kusan rabin waɗannan yara suna shan wahalar koyo ko tattara hankali. Ki sanar da malamansa na boko da na Islamiyya, kada a ɗauki abin a matsayin taurin kai a bi shi da bulala.

Game da maigida, ina roƙon kada aska ta taɓa ƙullutun nan. A jikin jijiya suke fitowa, kuma manyan cikinsu, masu shimfiɗuwa ƙarƙashin fata, cike suke da hanyoyin jini, ta yadda tsaga ɗaya kan iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa a gida. Likitan tiyata yana cire wanda yake ciwo ko yake gogar tufafi. Idan wani ƙullutu ya fara girma da sauri, ko ya taurare, ko ya kawo ciwon da yake hana barci, ko hannu ko ƙafa suka yi rauni, to a je asibiti cikin makon nan, saboda kusan mutum 1 cikin 10 masu NF1 kan gamu da rikiɗewar irin wannan ƙari zuwa sankara a tsawon rayuwa. Ya riƙa auna hawan jini duk shekara, domin a wurinsu yana iya tasowa daga ƙuntatar jijiyar jinin ƙoda, wadda take da nata magani na daban.

Har yanzu babu maganin da yake raba mutum da lalurar baki ɗaya, ko da yake a 2020 Amurka ta amince da maganin selumetinib don rage girman ƙarin da ba a iya yi wa tiyata a jikin yara, sai dai yana da tsada ƙwarai.

Ƙorafin surukarki yana da wani gefe na gaskiya, domin zirga-zirga tsakanin Dala da titin Zariya, inda asibitin Malam Aminu Kano yake, tana cin kuɗi da lokaci, kuma sau da yawa likita ɗaya bai san abin da ɗayan ya rubuta ba. A ganina, ki nemi likitan yara ya zama shi ne jagoran kulawar, ki kuma tanadi jaka ɗaya da za ki riƙa zuba kati da hotuna da sakamakon gwaji, kina tafiya da ita duk inda aka tura ku. Idan hali bai kai a yi komai lokaci guda ba, ki fara da ƙafar a wannan watan, ido ya biyo baya, awon hawan jini kuma ana yin sa a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku.