Kilisar Kano Za Ta Ishe Ni Farauta A Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Kawu. Ni ɗan Gwale ne, tun ina yaro nake hawa, ba na fashin kilisa, kuma na sha shiga tawagar unguwarmu a Hawan Daushe. A watan Satumba zan tafi Ingila karatun digiri na biyu. Wani Bature da muka yi aiki tare a nan Kano ya ce zai kai ni ƙauyensu farautar yanyawa ta lokacin kaka, a kan doki, da karnuka. In amsa masa? Wane shiri zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka amsa, ɗana, amma ka fara tambayarsa me karnukan za su bi. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana sakar wa naman daji karnuka a Ingila da Wales. Abin da ake yi tun daga nan shi ne wani ya riga ku fita yana jan tsumma mai wari a ƙasa, karnuka su bi warin, mahaya su bi karnuka. Shi ma ana ta ce-ce-ku-ce a kansa, don masu adawa sun ce fakewa ake da guzuma ana harbin karsana. Sukotilan ta hana shi a 2023, jam'iyyar Labour ta Birtaniya kuma ta yi alkawarin hanawa a zaɓen 2024. Kai baƙo ne mai bizar karatu. In ka ji ana zancen bin dabba mai rai, ka ba da uzuri ka yi zamanka.

Fitar kaka ita ta fi dacewa da sabon shiga. Ana farawa bayan girbi, daga ƙarshen Agusta ko Satumba, har zuwa babbar fitar farko wajen farkon Nuwamba. Ƙananan karnuka ake koya wa aiki, don haka tsayuwa ta fi gudu yawa. Da sassafe ake fita, cikin raɓa da sanyin da ya fi na hunturunmu shiga jiki.

Inda nake jiye maka shi ne sirdi. Namu yana da kwacciya a gaba da majingina a baya, ga likkafa mai faɗi, ko ka yi sakaci zai riƙe ka. Nasu fata ce shimfiɗaɗɗiya, cinyarka da gwiwarka kaɗai za su tsare ka. Linzaminmu kuma mai kaifi ne, da hannu ɗaya muke juya doki, taɓawa kaɗan ya ci birki. Nasu mai laushi ne, hannu biyu ake sa wa, dawakan kuma sun fi namu tsayi da ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafin ka tashi, ka nemi masu dawakan folo a nan Kano, su ne ke hawa irin wannan sirdin, ka yi ta sassarfa a kai har cinyarka ta daina ciwo. Tsallake shinge kuwa, ka koya a makarantar hawa a can, ko ka bi masu zagayawa ta ƙofa, ba abin kunya ba ne.

Sai ladabi. Sukuwa da zamiyar da ke sa a yi maka guɗa a Ƙofar Kudu, a can za su iya sa a sallame ka. Akwai jagoran mahaya, ba a wuce shi. In karnuka sun taho, ka juya musu kan dokinka, don dokinka ya harbi kare shi ne babban laifi a wurinsu. Jan ƙyalle a wutsiya na nufin doki mai harbi, kore kuwa sabon doki, ka ba su tazara.

Kada ka sayi jar kwat ɗin da kake gani a hoto. A kaka kwat ɗin ulu mai ruwan ƙasa ake sawa, da dogon takalmi da hular kwano ta hawa. Abokin naka ya sanar da sakataren ƙungiyar farautar cewa yana da baƙo, ya tambayo kuɗin fitar ranar, ya kuma samo maka dokin haya wanda ya saba da karnuka.