Sabon ma'aikaci a tawagar ajayil: wa ke ba da aiki, wa ke auna shi?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Jamus ya rubuto mana cewa ya samu aikin rubuta manhaja a wani kamfani, kuma izinin zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan wannan aiki. Har yanzu yana cikin watannin gwaji. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu wanda ke kiransa ya danƙa masa aiki, taruka sun yi masa yawa, kuma kowace safiya sai tawaga ta tsaya kowa ya yi bayani, alhali shi yana jin nauyin faɗin cewa wani aiki ya cije masa. Yana so ya san wane ne shugabansa a wannan tsari, da kuma lokacin da ya dace ya nemi hutu don ziyarar iyalinsa.

Malam, muna taya ka murna, Allah ya sanya albarka a aikin. Tsarin da ka tarar ana kiransa ajayil, kuma sunan ya samo asali ne daga wata sanarwa da masana manhaja 17 suka fitar a watan Fabrairun 2001 bayan wani zama a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka. Sun gaji da salon da ake shafe watanni ana rubuta tsare-tsare kafin mai saye ya ga komai, don haka suka fifita manhajar da ke aiki a kan tarin takardu, da karɓar sauyi a kan bin tsohon shiri ido rufe. Bisa bayaninka, kamfaninku yana bin Scrum ne, wato salon da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, wanda aka sabunta jagoransa, wato littafin ƙa'idojinsa, a watan Nuwambar 2020.

A wannan salo tawaga ƙarama ce, yawanci mutum 10 ko ƙasa da haka, kuma nauyi ya kasu uku. Akwai mai alhakin manhajar, wanda ke riƙe da jerin ayyukan da ke jira, shi ne kuma ke yanke wanne ya fi muhimmanci. Akwai mai kula da tsari, wanda aikinsa ya tabbatar taruka suna da amfani kuma a kawar da abin da ke tare wa tawaga hanya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa shugaba saboda shi ke yawan buɗe taro, amma ba shi da ikon ba ka umarni. Sai ku masu ginawa, wato masu rubuta manhaja da masu gwaji da masu zane, waɗanda aka bar muku ikon tsara yadda za ku yi aikin da kuma raba shi a tsakaninku. Shi ya sa ba a kiranka. Ana sa ran ka buɗe allon tawaga, ko a Jira yake ko a wata manhaja, inda aka rubuta kowane aiki a kan kati, ka ɗauki katin da ke sama a layin abin da ba a fara ba, ka sa sunanka, ka matsar da shi zuwa layin abin da ake kai.

Aikin yana tafiya ne zango-zango. Zango ba ya wuce wata ɗaya, kamfanoni da dama kuma sun fi son mako biyu. A farkonsa ana taron shiri, a amince da burin zangon, a zaɓi katunan da za a iya gamawa. A ƙarshensa ana taron nuni ga masu ruwa da tsaki, sannan taron waiwaye inda tawaga ke tattauna abin da za ta gyara a yadda take aiki.

Taron safiya shi ne ya fi damunka, kuma a nan nake so in daɗe. Minti 15 aka ware masa, kuma na masu ginawa ne, domin su duba ko suna kan hanyar cika burin zangon. Ba zaman bayar da rahoto ga manya ba ne, ko da yake wasu kamfanoni sun mayar da shi haka, wanda a ganina lalata shi ne. Ka ɗauka ranar Talata ka karɓi katin gyara shafin shiga, sai ka tarar ba ka da izinin buɗe rumbun bayanan gwaji. Idan ranar Laraba ka ce, "Ina kan katin shafin shiga, amma ba ni da izinin rumbun gwaji, wa zai taimaka mini bayan taro?", cikin awa ɗaya wani zai buɗe maka, kuma babu wanda zai sake tunawa da maganar. Idan kuwa kwana huɗu kana cewa kana ci gaba, katin yana zaune a wuri ɗaya a gaban idon kowa, to ranar nuni ba aikinka kaɗai ya tsaya ba, har da na mai gwajin da ke jiranka da kuma burin da dukkan tawagar ta ɗauka. Abokan aiki a irin wannan tsari sun saba da sabon mutum ya yi tambaya sau goma a rana; abin da ke rage amincewarsu shi ne matsalar da aka ɓoye har lokaci ya ƙure.

Haka kuma ka kula da maganar maki. Tawagogi da yawa suna kimanta girman kati da lambobi irin su 1, 2, 3, 5, 8 da 13, kowa ya ɗaga lambarsa a lokaci ɗaya. Wannan al'ada ba ta cikin jagoran Scrum, kuma ba ma'aunin ƙwazon mutum ɗaya ba ce. Idan kowa ya ɗaga 3 kai kuma ka ga 8, kada ka sauya don ka yi daidai da su, ka faɗi abin da ka hango, domin sau da yawa saɓanin lamba ne ke tono wani ɓangaren aiki da aka manta. Ka kuma nemi a nuna maka sharuɗɗan kammalawa na tawagarku. A yawancin wurare kati ba ya zama gamamme sai wani abokin aiki ya duba rubutunka, gwaje-gwaje sun wuce, an kuma haɗa shi da babban reshe, wato ainihin rubutun manhajar da aikin kowa ke komawa cikinsa. Gyare-gyaren da za a rubuto maka a wannan duba ba tozarci ba ne, manyan ma'aikata ma ta nan suke bi.

Game da shugabanka, Scrum bai ambaci manajan ma'aikata ba, amma kamfani yana da shi, kuma shi ne ke sa hannu a kan hutu, albashi da sakamakon watannin gwaji. Ka duba kwangilarka ko ka tambayi sashen ma'aikata sunansa. A Jamus, a lokacin gwaji ana iya sallamar ma'aikaci da sanarwar mako biyu kacal, amma wannan gajeren wa'adi ba ya aiki bayan wata shida na farko, kuma tunda zamanka ya danganta da aikin, bai kamata ka jira ƙarshen lokacin gwajin kafin ka san matsayinka ba. Ka nemi zama na kai da shi duk bayan mako biyu ko wata, ka tambaye shi kai tsaye abin da yake so ya gani kafin watan shida. Sau da yawa yakan ji ra'ayin abokan tawagarka kafin ya yanke hukunci.

Batun hutu kuma, dokar ƙasar ta ba mai aikin kwana biyar a mako akalla kwana 20 a shekara, cikakken haƙƙin yana tabbata bayan wata shida, kodayake kwangiloli da yawa suna ba da fiye da haka. Manaja ne zai amince, amma tawaga ce za ta ɗauki nauyin rashinka, saboda haka ka sanar da su tun zango biyu ko uku kafin tafiya, ka sa ranakun a kalandar tawaga, ka kuma maimaita a taron shiri domin a rage katunan da za a ɗauka. Kafin ka sayi tikiti ka tabbatar katin izinin zamanka da fasfonka ba za su ƙare kana can ba. A makon tafiyar kada ka ɗauki babban kati, wanda ke hannunka kuma ka rubuta a jikinsa inda ka tsaya da abin da ya rage, ka ambaci sunan wanda zai ci gaba da shi.